Daga Kufena Zuwa Chappal Waddi: Darasin Da Ke Cikin Hawan Dutse

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Samaru ko Sabon Garin Zariya ya san Dutsen Kufena, wanda ke tsaye yamma da birni, kusa da Wusasa. Yara na hawansa don nishaɗi, manya kuma na nuna wa baƙi shi saboda tsohuwar ganuwar da ta kewaye shi. Amma ba kowa ne ya san cewa wannan dutse aji ne na koyon ilimin halittu ba. Haka kuma ɗalibai da yawa ba su san cewa dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya yana Jihar Taraba ba, a cikin gandun dajin da hukuma ta keɓe, wato Gashaka-Gumti. Sunan dutsen Chappal Waddi, tsawonsa kuwa mita 2,419 daga doron teku.

Wannan darasi zai yi bayani ne a kan abin da ke faruwa ga iska da tsirrai da dabbobi da kuma jikin ɗan'adam yayin da ake hawa daga gindin dutse zuwa ƙololuwarsa. Manufar ita ce a nuna wa ɗalibi cewa tsawo shi kaɗai yana iya sauya yanayin wuri, ta yadda tafiyar kwana biyu a kan tsauni za ta nuna wa mutum abin da sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kafin ya gani. Wanda ya fahimci haka zai san yadda zai kare kansa idan ya je, zai kuma san dalilin da ya sa aka ce kada ya yi wa wurin ɓarna.

Mene Ne Gandun Daji Na Ƙasa?

Gandun daji na ƙasa yanki ne da gwamnati ta keɓe da doka, ta hana farauta da saran itace da tonon ma'adinai a cikinsa, amma ta yarda jama'a su shiga don ilimi da buɗe ido. Ƙasar Amurka ce ta fara wannan tsari a shekarar 1872, lokacin da ta keɓe dajin Yellowstone. A Nijeriya kuwa, dokar soja mai lamba 36 ta shekarar 1991 ita ce ta kafa Gashaka-Gumti a matsayin gandun ƙasa, bayan an haɗe dazuzzuka biyu da aka keɓe tun da farko. An samo sunan ne daga ƙauyuka biyu: Gashaka a Jihar Taraba, da Gumti a Jihar Adamawa.

Faɗin gandun ya haura murabba'in kilomita 6,000, don haka shi ne mafi girma a ƙasar nan. Babban ofishinsa yana garin Serti, a kan hanyar da ta tashi daga Jalingo ta bi ta Bali ta hau tudun Mambila. Ɓangaren arewa na gandun fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, kamar dazuzzukan da aka saba gani a ƙasar Hausa. Ɓangaren kudu kuwa tsaunuka ne da kwazazzabai da kurmi mai duhu. A can ne Chappal Waddi yake, daidai kan iyakar Nijeriya da Kamaru. A da, yankin yana hannun Jamusawa ne, har yanzu ma akwai kangon sansaninsu kusa da ƙauyen Gashaka. Daga baya ya koma hannun Ingilishi, sannan ya zama ɓangaren Nijeriya bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961.

Me Ya Sa Kan Dutse Ya Fi Sanyi?

Ɗalibi zai iya tambaya: tun da kan dutse ya fi kusa da rana, me ya hana ya fi zafi? Amsar ita ce, hasken rana ba ya ɗumama iska sosai yayin da yake ratsa ta. Ƙasa yake fara ɗumamawa, ita kuma ƙasar ta ɗumama iskar da ke kanta. Idan iska mai ɗumi ta tashi sama, sai ta tarar nauyin da ke danne ta ya ragu, sai ta buɗe ta bazu. Wannan buɗewa ita ke sa ta yi sanyi.

Masana sun auna sun gano cewa, a bisa matsakaicin lissafi, zafin iska na raguwa da digiri 6.5 a ma'aunin Selshiyas duk mita 1,000 da aka hau. Garin Samaru yana kimanin mita 680 daga doron teku. Idan aka cire wannan daga 2,419, saura kimanin mita 1,740. In aka ninka 1.74 sau 6.5 za a sami digiri 11 da ɗoriya. Ke nan, ranar da ma'aunin zafi ya nuna digiri 30 a wuri mai tsawon Samaru, ana sa ran ya nuna kimanin 19 a wuri mai tsawon Chappal Waddi. Da dare kuwa, musamman lokacin hunturu, sanyin kan tsananta ƙwarai fiye da haka.

Akwai kuma wani sakamakon. Iska mai sanyi ba ta iya riƙe tururin ruwa da yawa. Saboda haka idan iskar damina mai laima ta taso daga teku ta ci karo da tsauni, dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi tururin ya zama gajimare, sai ruwa ya sauko. Wannan ne ya sa kurmin da ke gindin tsaunukan Gashaka ke samun ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara, alhali Zariya na samun kimanin 1,000 ko sama kaɗan. Ruwan nan yana tsuma cikin ƙasar kurmi, yana fita sannu a hankali ta maɓuɓɓugai, ya zama ƙoramu, su haɗu su shiga Kogin Taraba, shi kuma ya faɗa Binuwai. Manomin rani da masuncin da ke can ƙasa, ko sun sani ko ba su sani ba, wani kaso na abincinsu daga waɗannan tsaunuka yake fitowa.

Abin Da Tsawo Ke Yi Wa Jiki

Iska tana da nauyi. Wanda ke bakin teku yana ɗauke da nauyin dukkan iskar da ke bisansa, wanda ya hau dutse kuwa ya bar wani kaso a ƙarƙashinsa. An tabbatar da haka a ƙasar Faransa a shekarar 1648, lokacin da masanin nan Blaise Pascal ya sa surukinsa Florin Périer ya hau dutsen Puy de Dôme da ma'aunin nauyin iska, aka ga awon yana raguwa yayin da ake hawa.

Iskar oksijin, wadda jiki ke bukata don ya sarrafa abinci ya sami ƙarfi, kashi 21 cikin 100 ce ta iskar da ake shaƙa, a ƙasa ne ko a kan dutse. Abin da ke sauyawa shi ne yawan iskar da ke cikin kowane numfashi. A ƙololuwar Chappal Waddi nauyin iska kashi uku ne cikin huɗu na wanda ke bakin teku. Wato ke nan, numfashi huɗu a can daidai yake da uku a Legas. Nan take jiki kan ƙara saurin numfashi, zuciya kuma ta ƙara bugawa. Idan mutum ya yi kwanaki a wurin, ƙodarsa kan saki wani sinadari cikin jini wanda ke umartar ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu dakon oksijin. Binciken yadda ƙwayoyin jiki ke gane ƙarancin oksijin shi ya sa aka ba masana uku, William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza, lambar yabo ta Nobel a 2019. Wannan hikima ce kuma ta sa 'yan tseren dogon zango ke zuwa garin Iten na ƙasar Kenya don horo, garin da tsawonsa ya yi kusan daidai da na Chappal Waddi.

Ciwon tsauni, mai zuwa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da rashin barci, ya fi kama mutane daga mita 2,500 zuwa sama. Don haka haɗarinsa bai kai na Dutsen Kamaru ba, wanda ya haura mita 4,000, balle Kilimanjaro na Tanzaniya mai mita 5,895. Duk da haka, wanda ya yi gaggawa zai iya jin alamunsa. Maganinsa a tsaya a huta, in bai lafa ba a sauko. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mai ciwon sikila ko ciwon zuciya ko asma kuwa, wajibi ne ya ga likita kafin ya sa ƙafa, domin ƙarancin oksijin da sanyi da ƙishirwa duk suna iya tayar da ciwon sikila.

Ko tukunya ma tana jin tsawo. A bakin teku ruwa na tafasa a digiri 100, a Samaru kusan 98, a kan Chappal Waddi kuwa kimanin 92. Shi ya sa wake ke daɗewa bai nuna ba a can, ya kuma fi cin itace.

Hawa-Hawan Tsirrai Da Dabbobi

Mai hawa daga gindin tsaunukan Gashaka zai ratsa matakai uku. Da farko akwai dajin ciyawa mai itatuwan da ɗan Zariya ya sani, kamar maje da ɗorawa da madobiya, tare da kurmin bakin kogi. A nan ake samun ɓauna da gwaggon biri, a Kogin Kam kuma akwai dorina. Mataki na biyu shi ne kurmi mai dogayen itatuwa da ba sa kaɗe ganye da rani. Mataki na uku, can sama, fili ne na gajeriyar ciyawa, da ƙananan kurmi da suka maƙale cikin kwaruruka, rassansu lulluɓe da gansakuka saboda hazo da raɓa. A wuraren duwatsu ana samun gadar dutse, mai tafiya bisa ƙarshen kofatonta kamar mai sanɗa.

Dabbar da ta fi jawo wa gandun suna ita ce wadda mutanen yankin ke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwoyin manyan itatuwa da hannu da ƙafa har a ji daga nesa. Sunansa na kimiyya Pan troglodytes ellioti. Ba a samun irinsa sai a Nijeriya da Kamaru, kuma waɗanda suka rage a duniya duka ba su kai 10,000 ba. A shekarar 2000 Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan ya kafa sansanin bincike a Kwano, cikin gandun. Masu binciken sun gano cewa birran nan kan karyo tsinke su gyara shi, su zura cikin rami su lakato zuma ko su kamo kwarkwasa. Abin mamaki, ba a same su suna kamun gara da tsinke ba, alhali 'yan'uwansu na Tanzaniya sun yi suna a kan haka. Wannan ya nuna cewa kowane garke na da abin da ƙanana ke koya daga manya.

Tsauni Tsibiri Ne

Tsirran da ke can sama, irin su Prunus africana da Podocarpus, ba sa iya rayuwa a zafin ƙasa. Danginsu na nan a tsaunukan Kamaru, da Habasha da Kenya masu nisan dubban kilomitoci. To, yaya aka yi suka zo nan? Masana na ganin cewa a zamunnan da duniya ta yi sanyi, na baya-bayan nan kimanin shekara 20,000 da suka wuce, tsirran tsauni sun sami damar saukowa su bazu. Da ɗumi ya dawo sai suka ja da baya zuwa ƙololuwa. Tsuntsaye da iska su ma sun taimaka wajen ɗaukar iri daga wani tsauni zuwa wani.

Saboda haka kan tsauni tamkar tsibiri ne a tsakiyar teku, sai dai tekunsa zafi ne ba ruwa ba. Halittar da ke tsibiri ba ta da wurin gudu. Idan aka ƙone kurminta, ba za ta iya ƙaura zuwa wani ba. Idan kuma duniya ta ƙara ɗumi, kamar yadda ake gani a yanzu, dole ta ƙara hawa, ranar da ta kai ƙololuwa kuwa hanya ta ƙare. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ɓarnar da aka yi a kan tsauni ta fi wuyar gyaruwa.

Barazanar kuwa ba kaɗan ba ce. Akwai farauta ba bisa ƙa'ida ba. Akwai wutar daji da ake sakawa da rani, wadda kowace shekara ke cin gefen kurmi. Akwai masu ɓare bawon Prunus africana, wanda ake haɗa maganin toshewar fitsari ta dattawa da shi. Daga wajen shekarar 2010 zuwa gaba an yi wa madobiya sara mai tsanani a Jihar Taraba don kai katakonta ƙasar Sin, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu. A ɗaya gefen kuma, akwai Fulani makiyaya da manoma da doka ta yarda su zauna a wasu keɓaɓɓun wurare cikin gandun, domin tudun ba shi da ƙudan tsando sosai. Ba za a iya kare dajin ba tare da su ba. A 2017 Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Africa Nature Investors don su haɗa hannu wajen tafiyar da gandun da horar da masu gadinsa.

A Fara Daga Kufena

Malami ba ya bukatar kuɗin mota zuwa Taraba kafin ya koyar da wannan darasi. Kufena dutse ne na giranit wanda ya daskare a ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, zaizayar ƙasa ta kwashe abin da ke kewaye da shi ta bar shi tsaye. Jamusawa ne suka raɗa wa irinsa suna Inselberg, wato dutse-tsibiri. Tsawonsa bai isa ya kawo sanyi ba, amma shi ma tsibiri ne ta wata fuskar: falalen dutse ba ya riƙe ruwa, da rana kuma yana zafi kamar tanda.

Ɗalibi mai lura zai ga yadda rayuwa ke kafuwa mataki-mataki. Da farko akwai dabbare-dabbaren laikin, wani haɗin gwiwa tsakanin gansakuka da dangin naman kaza, wanda ke cin fuskar dutse a hankali. Sai tabarmar ciyawa mai bushewa ƙayau da rani kamar ta mutu, amma ta yi kore kwana kaɗan bayan ruwan fari. Sai dangin ɓaure da ke cusa saiwa cikin tsaga. A cikin kwarmin dutse kuma, inda ruwan sama ke kwanciya, akwai talibambam da tsutsotsin ƙwari waɗanda dole su girma kafin ruwan ya ƙafe. Tsiron da aka kasa ganewa ana iya zana shi ko a ɗauki hotonsa, a kai wa masanan tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda ake da ma'ajiyar busassun tsirrai. Hawan Kufena kuma horo ne ga ƙafa da huhu.

Shirin Tafiya

Lokacin da ya fi dacewa a ziyarci Gashaka-Gumti shi ne daga Disamba zuwa Maris. Da damina koguna kan cika su yanke hanya, dutse kuma ya yi santsi. Daga Zariya ana iya bi ta Jos da Bauchi da Gombe da Numan zuwa Jalingo, sannan Bali da Serti, tafiyar da ta fi ƙarfin yini guda. Wajibi ne makaranta ta rubuta wa hukumar gandun tun da wuri, ta nemi izini da bayanin halin tsaro, ta kuma sami yardar iyaye. Ba a shiga sai da jami'in gandun a matsayin ja-gora. Hawan Chappal Waddi aikin kwanaki ne da kwana a daji, ya fi dacewa da malamai da manyan ɗalibai. Ƙanana za su ƙaru sosai ko da a kewayen Gashaka suka tsaya.

Yawancin kayan da ake bukata ana samunsu a kasuwar Sabon Gari: takalmi kambas ko but mai kaurin ƙasa, rigar sanyi, rigar ruwa, bargo, gidan sauro, tocila, gorar ruwa, da guzuri mara nauyi irin su ƙuli-ƙuli da dabino da kilishi da garin rogo. Kada a fara sa sabon takalmi ranar hawa, a saba da shi tun makonni kafin tafiya. Jiƙaƙƙen tufafi a cikin iska mai sanyi na zuƙe ɗumin jiki. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne, idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Alamun su ne karkarwa da tangaɗi da ruɗewar magana. Sai a canza wa mutum tufafi, a lulluɓe shi, a ba shi abin sha mai ɗumi. A tafasa ruwan rafi kafin a sha. Wanda gudawa ta kama a haɗa masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kada a zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a hana shi motsi a garzaya da shi asibiti.

Ladubban Baƙo

Baƙon gandu ba ya tsinkar tsiro, ba ya ɗaukar ƙwai, ba ya rubuta sunansa a jikin dutse ko itace. Leda da gwangwani da batir duk a komo da su. Wutar girki a kashe ta da ruwa har toka ta huce. Bahaya a yi ta cikin rami, nesa da rafi. Kada a ba biri abinci. In an yi sa'ar ganin biri mai ganga, a tsaya aƙalla mita 7 daga gare shi, mai mura kuwa kada ya matso ko kaɗan, domin cututtukan numfashi na mutane suna kama shi, suna kuma iya kashe shi. Idan aka bi ta ruga ko ƙauye, a yi sallama, a gai da jauro, kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa.

Kammalawa

An ga yadda tsawo ke rage zafi da nauyin iska, yadda wannan ke tsara tsirrai da dabbobi hawa-hawa, da yadda ya mai da kan tsauni tsibirin da ba shi da mafita. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan zai hau dutse da ido biyu, ya san dalilin hakinsa, ya kuma san darajar kurmin da yake ratsawa.

Aikin Yi

1. Idan zafi ya kai digiri 33 a wuri mai tsawon mita 400, nawa ake sa ran zai kasance a mita 2,400?
2. A bayyana dalilin da ya sa saran kurmi a kan tsauni zai iya shafar mai noman rani a bakin Binuwai.
3. A ziyarci Kufena sau biyu, a watan Fabrairu da watan Agusta. A zaɓi kwarmin dutse guda, a rubuta duk abin da aka gani a cikinsa, sannan a kwatanta.